Kunnen Kurciya

Ƙanena Auta a shagon fenti yake aiki. In ka ajiye masa gwangwani biyu na farin fenti, zai leƙa wannan ya leƙa wancan, ya ce maka wannan farin madara ne, wancan farin alli, kuma kada ka kuskura ka shafa su a bango ɗaya. Magina har layi suke yi a gabansa, kowa da ɓallin tsohon bango a hannu, don ya haɗa musu irin launinsa. Mutumin nan mai wannan ido shi ne ya shekara huɗu bai iya bambance 'ya'yan cikinsa ba.

'Yan biyu ne mata, kuma ban ce ba su yi kama ba. Sun yi. Amma uwarsu ko ta ƙeya tana gane su, ni kuma gwaggonsu da nake zaune a saman benensu ina gane su daga takunsu a matakala. Ɗaya na sa mata Rediyo, don bakinta ke riga ta shiga ɗaki. Ɗayar Kurciya. Ita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta fara kallon hannunka, ta ga abin da ka riƙo, sannan ta ɗago ta kalli fuskarka. Auta kuwa Ja da Kore yake kiransu, saboda ribom ɗin da uwarsu take ɗaure musu gashi da shi. Yana fita aiki suna barci, ya dawo suna gyangyaɗi, sai ya dubi kai ya kira launi.

Tun suna shekara uku suka gano cewa ribom cire shi ake yi. Sai su shige bayan labule su yi musaya, su fito kamar ba su ba. Shi ya sa in ka tambayi Auta halin 'ya'yansa sai ya ce, "Wallahi Yaya halinsu ɗaya. Duk su biyun wata rana surutu, wata rana shiru." Kuma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Maman Biyu, wato matarsa, ta daɗe da kafa dokar cewa ba za a huda wa yaran kunne ba sai ranar da suka buɗe baki suka nema da kansu. Sai aka yi wa mahaifiyarta aiki a gwiwa, ta tafi jinya, ta bar wa Auta yara da firji cike da abinci. Abin da ba ta bar masa ba shi ne hannun ɗaure ribom. Ya ɗaura, ya zame. Ya sake ɗaurawa, ya zame. Kafin mako ya zagayo ya kwashe su zuwa wani shagon turare da man shafawa, inda wata yarinya take huda kunne da 'yar bindiga a bayan kanta. Ya zaɓi 'yan kunne masu jan dutse ga Rediyo, masu kore ga Kurciya, ya hawo sama da su yana washe baki.

"Yaya, kalli nan. Wannan kam ba ya musayuwa."

Na ce, "Uwarsu ta sani?"

"Za ta sani."

Ta sani a waya a yammacin nan. Ina tsaye kusa da shi, na ji shirunta ya yi tsawo har ya duba ko kati ne ya ƙare. Daga nan ta ce, "Allah ya dawo da ni lafiya." Auta ya ce amin, ya ɗauka addu'a ce.

Yarinyar shagon ta ce masa a riƙa goge wurin safe da yamma, kada a bari yara su riƙa taɓawa. Rabin ƙarshe kaɗai ya riƙe. Ba a taɓa ba kuwa, ko da auduga. Ana nan, wata ranar Asabar na sauko in taje musu kai, matajin ya gogi kunnen Kurciya na hagu, ta zabura ba ta yi kuka ba, sai hawaye. Na ɗaga gashin. Fatar kunnen ta kumbura ta yi jawur, tana sheƙi, ga zafi kamar an ɗauko ta daga wuta. Koren dutsen yana nan a gaba, amma ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ta baya ya nutse cikin nama, ba a ganinsa sam. Na ɗan danna gefe, mugunya ta fito.

Auta ya leƙo ta kafaɗata, ya ja da baya. Ya ce akwai wani ruwa da suke wanke buroshi da shi a shago, ba abin da ba ya kashewa. Na ce masa in ya kawo ruwan nan kusa da yarinyar, ni da kaina zan kira masa 'yan sanda. Ya je ya ɗauko makullin mota.

A ƙaramin asibitin da ke bayan tashar bas muka samu wata nas, babbar mace mai tabarau, wadda da ganinta ka san dariya ba ta cikin aikin da aka ɗauke ta. Ta dubi kunnen, ta dubi Auta, ta tambayi inda aka yi hujin. Ya faɗa mata. Ta ce, "Shagon turare."  Ta fesa wa wurin maganin kashe zafi, na rungume Kurciya a cinyata, ta sa ɗan ƙaramin hantsaki ta zaƙulo ƙarfen daga cikin naman. Kurciya ta ƙanƙame mini wuya har numfashina ya sarƙe. Ubanta yana tsaye ya juya mana baya, yana kallon bango. Can na ji ya ce, a hankali, wanda ya yi musu fentin nan bai bari shafin farko ya bushe ba.

Nas ta matse mugunyar, ta wanke, ta cire ɗayan ɗan kunnen ma, ta manna filasta a kunnen hagu. A nan Rediyo ta buɗe tasha. Ita ma sai an manna mata. Ta kwanta a ƙasa tana shure-shure, masu jiran layi suna leƙowa. Nas ta ɗago ta, ta duba nata kunnuwan, ta ce ƙarfen nan ba na kirki ba ne, gara a cire nata tun bai yi irin ta wancan ba. Ta cire jajayen, ta yanko filasta, ta manna mata a kunnen hagu ita ma, ɗakin ya yi tsit.

Auta ya ce, "Sista, da an bar wa wannan nata mana."

"Don me?"

 Ta zuba masa 'yan kunne huɗu a tafin hannu, biyu ja biyu kore, ya tsaya yana kallonsu.

Ta ba shi kwalbar maganin ruwa, ta ce cokali ɗaya safe da yamma har ya ƙare. Ta ce a ɗaga filastar kullum, a wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a bushe shi, a manna sabuwa. In jiki ya yi zafi ko kumburin ya ƙaru, a dawo, kada a jira. Ya ce to, to, to. Ni kuma tun a mota na fara atishawa, kafin mu kai gida mura ta kwantar da ni. Na haye sama na rufe ƙofa don kada in ƙara wa yara wata, na bar Auta da 'ya'yansa. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba tun ranar sunansu.

Yadda ya tsara jinyar, daga baya ya ba ni labari, kuma ta tagar kicin ina jin rabi. Zai tsaya a gaban firji da cokali, ya ɗaga murya ya ce, "Mai ciwo ta zo ta sha magani." Maganin nan ruwan hoda ne, mai zaƙi, yana ƙamshin ayaba. Kafin ya rufe baki Rediyo ta iso da baki a buɗe. Ya ba ta, ta lashe cokalin, ta nemi ƙari. Ya zaunar da ita a kan tebur, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga filasta.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara.

"Yaya! Nas ɗin nan ta san aikinta. Kwana ɗaya tal, kunnen ya sace. Ko alamar kumburi babu."

Kaina yana sarawa, hancina a toshe, na ce alhamdu lillahi, na koma na kwanta.

Haka ya ci gaba. Ya dafa ruwa, ya auna gishiri kamar mai haɗa launi, ya wanke lafiyayyen kunne da auduga, ya bushe shi, ya manna sabuwar filasta. Ya ɗauki hoton kunnen ya tura wa Maman Biyu, kunnen kaɗai, kusa da kusa, don ta ga ba a banza ta bar masa gida ba. Ita ma daga kunne ba ta gane ba, har ta ɗan sauko daga fushin. Ɗayar filastar kuwa, a lissafinsa ta kwalliya ce, kuma mai ita ba ta yarda a taɓa, to me zai sa ya nemi rigima.

Sau ɗaya dai ya yi mini ƙorafi a waya. Ya ce mai ciwon ta warware, har ta fi da cin abinci, sai dai cikinta yana ɗan gudu. Mai lafiyar ce ta ishe shi. Ba ta ci, ba ta wasa, sai ta kwanta a kujera tana binsa da ido.

"Kishi ne," in ji shi. "Ta ga ana kula da 'yar'uwarta. Na ma yi mata faɗa, na ce ta riƙa tausayi, 'yar'uwarta ba ta da lafiya."

Na ce kewar uwa ce, ya rarrashe ta. Abin da na ce ke nan, daga ƙarƙashin bargo.

Da murar ta sake ni na sauko da hantsi. Rediyo ta tare ni a ƙofa da labarai, ta nuna mini filastarta fara tas, ta ce Baba ya ce ita jaruma ce. Na tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofa. Na ce, "Ke kuma jarumar me?" Ta ce ta magani.

Kurciya tana kwance a doguwar kujera, ta kwantar da kanta ta ɓangaren dama. Ta kalli hannuna, ta kalli fuskata, ba ta tashi ba. Tun kafin in kai gare ta wari ya tare ni. Na taɓa goshinta, zafi zau. Filastar kunnenta ita ce dai ta asibiti, gefenta ya yi baƙi, tsakiyarta ta jiƙe ta yi ruwan ɗorawa. Na ɗaga gefe ɗaya a hankali. Kunnen ya ninka yadda muka kai shi, jan ya gangaro har wuya.

Na ƙwala wa Auta kira. Ya fito daga kicin da tawul a kafaɗa.

"Wa kake ba magani?"

"Mai ciwon mana." Ya nuna Rediyo.

"Wannan fa?"

"Ai wannan ita ce mai lafiyar."

"Zo ka ga lafiya."

Ya zo ya gani. Ya kalli kunnen, ya juya ya kalli Rediyo, ya sake kallon kunnen. Tawul ɗin ya zame daga kafaɗarsa bai sani ba. Raina ya ɓaci yadda ban taɓa jin ya ɓaci da shi ba, na tara maganganu har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai na ce kawai ya ɗauko makulli.

Nas ɗin nan dai muka tarar. Ta ɗaga filastar, ta dube ta, ta gane aikin hannunta.

"Wannan ni na manna ta."

Auta ya ce, "Haka ne."

"Maganin fa?"

Ya miƙa kwalbar, saura kaɗan a ƙasa. Ta ɗaga ta sama ta duba.

"Wa ya sha?"

Rediyo ta ɗaga hannu.

Nas ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta tambayi Auta shekara nawa ya yi yana ubansu. Ya ce huɗu. Ta ce to. Ta kira likita, aka tsaga wurin aka fitar da abin da ya taru, aka yi wa Kurciya allura, aka naɗe mata kai da bandeji. Wannan karon ta yi kuka, kuka sosai, kuma Auta bai kalli bango ba, shi ya riƙe ƙafafunta. Likita ya ce Allah ya taimaka bai kai ga guringuntsi ba, da an ƙara jinkiri da sai an kwantar da ita. Game da Rediyo kuma ya ce a ba ta ruwa da yawa, cikin zai tsaya da kansa, ban da haka ba wadda ta kai ta lafiya a ginin nan.

Muka fito baranda muna jiran a haɗa sabon magani. Na zaunar da Kurciya a benci, na riƙe Rediyo a gefe don kada ta amsa mata. Auta ya tsuguna a gabanta, gwiwar wandonsa a kan siminti.

"Uwata," ya ce, "da nake kiran mai ciwo, me ya sa ba ki zo ba?"

Ta kalli hannunsa.

"Ta riga ni."

"To me ya sa ba ki ce mini ke ce ba? Da kin ce, Baba ni ce."

Ta ɗago ta kalle shi ta ƙarƙashin bandejin. Ba fushi a fuskarta, tambayar ce kawai ba ta gane ba.

"Ai kana ganina."

 Ya daɗe a tsugune har mai shara ta zo ta zagaye shi da tsintsiya. Ni da na zo da niyyar wanke shi tas a mota, tausayinsa ya kama ni, na fasa.

Maman Biyu ta dawo a motar farko da ta samu. Abin da ta faɗa masa na ji shi ta ƙasan ɗakina ba tare da na kasa kunne ba, kuma ba zan maimaita ba, don ƙanena ne. Ita ta karɓi jinyar. Kumburin ya sace, wannan karon a kunnen da ya dace, hujin duka huɗu suka toshe. 'Yan kunnen suna cikin wani kofi a saman firji, ba wanda ya zubar, ba wanda ya taɓa.

Da aka cire bandeji na ƙarshe sai ga ɗan tabo a fatar kunnen Kurciya, fari, kamar ƙwayar shinkafa. Ina gani na ce shi ke nan, Auta ya samu sabon ribom, wanda ba ya zamewa. Na kuma lura da shi: in ya shigo sai idonsa ya fara zuwa kunnen hagu, sannan ya kira suna. Ya daina Ja da Kore, ya ari sunayen da na sa musu. Maman Biyu ta ce wannan ma ci gaba ne.

Ashe ba ni kaɗai na lura ba. Wata yamma ina saukowa da kwandon shara, na ji motsin makullinsa a ƙasa, sai na ga Kurciya ta fito bakin ƙofarsu ta tsaya, ta sa tafin hannu biyu ta rufe kunnuwanta. Rediyo, da ba a barinta a baya, ta zo ta tsaya a gefenta ta rufe nata, ta kuma datse baki, abin da na ɗauka ba ya yiwuwa sai an yi mata allurar barci. Riga iri ɗaya, gashi a tsefe, ba ribom. Auta ya hawo da jakarsa, ya tsaya a matakala ta ƙarshe.

Ya duba, ya duba, ya nuna ɗaya ya ce, "Kurciya." Rediyo ta fashe da dariya ta faɗa jikinsa. Kurciya ta sauke hannunta ta koma ciki.

Washegari suka sake. Ya faɗi. Rana ta uku ya ci, amma ya amsa da bakinsa cewa canka ya yi, Kurciya kuma ba ta karɓi wannan ba. Ya hawo wurina ya ce in gaya masa sirrin, wai ko akwai wani abu a gira ko a haɓa. Na ce ban san wani sirri ba, ni dai kallonsu nake yi. Ya fara dawowa daga aiki da wuri. Na riƙa ganinsa zaune a ƙasa a falo, ba waya a hannu, suna cin abinci yana kallonsu kamar an kawo masa ɓallin bango.

Ranar da abin ya faru ina kan matakala, don na mayar da zubar da shara lokacin dawowarsa. Suka jeru, hannu a kunne. Ya hawo, ya ajiye jaka, ya tsuguna daidai tsayinsu. Bai yi sauri ba. Ɗaya tana kallon fuskarsa, kumatunta sun cika da dariyar da take dannewa. Ɗayar idonta yana kan hannunsa, sai da ta ga ba komai a ciki sannan ta ɗago. Ya miƙa mata hannayen duka biyu.

"Kurciya. Na gan ki."

 Ta sauke hannu daga kunnuwanta, ta ɗaga su sama ya ɗauke ta. Rediyo ta ce ita ma, ya ɗauke ta a ɗaya hannun, ya tura ƙofa da ƙafa. Daga ciki na ji Maman Biyu tana tambaya, in kunnen ya gama warkewa, ko za a kai su asibiti a sake hujin yadda ya kamata.

Ya ce, "A bar su haka."

Jakar tasa tana nan a matakala inda ya ajiye ta. Na ɗauka na rataye masa a ƙofa, na wuce da sharata.